Sista Kulu Ta Sa Ni Naƙuda da Furfura a Kaina

Sista Kulu ba ta ɗaura agogo a hannu. Cewa take hannun da ake wankewa sau hamsin a wuni ba ya son kaya. Agogon tebur take ɗauka, irin mai ƙararrawa biyun nan a ka, ta zura masa bandeji ta rataya a wuya kamar laya. In ta taho ta barandar ɗakin haihuwa, kafin ki ga farar rigarta kin ji shi, ƙas, ƙas, ƙas, yana bugun ƙirjinta. Nas ɗin da ta tuɓe takalmi sai ta laluba shi da ƙafa, mai cin ƙosai ta haɗiye da zafinsa.

Ku da kuka yi aiki a ƙarƙashinta kun san duk wannan. Ni ce Dije, mai shara da wanki, wadda ta yi fiye da shekara goma tana bin ta da bokiti. Ban yi boko ba, ban san bakin alƙalami ba. Rabi ce take rubuta mini, Rabin da ta zo mana tana sabuwar nas, yau ita ke riƙe da ɗakin. Kwana arba'in ke nan da muka rasa Sista, shekara uku da na rasa Malam maigidana, kuma idona bai bushe a kan ko ɗayansu ba. In kun ga rubutun ya karkace, kuka muke yi mu biyun.

Akwai kuma laifin da na yi wa Sista, na ɓoye shi shekara goma sha biyu ina gaishe ta kullum. Zan faɗe shi a nan. Amma bari mu fara yin dariya, don ita ba ta son a fara da hawaye.

A shekarar farin nan da shanu suka yi ta mutuwa aka kawo ta Azare ta shugabanci ɗakin haihuwa. Ba ta cika sati biyu ba ta samo tsohuwar garma marar ƙota ta rataye a jikin taga. Wata Laraba ina cikin shara ta tsaya a kaina.

"Dije, ajiye tsintsiyar nan. Kina da ciki."

"Ni, Sista? A'uzubillahi! Jikoki uku gare ni."

"Wata tara ne. Hau gado."

Ta cusa mini matashin kai a ƙarƙashin zane, ta ɗauki almakashi ta buga garmar nan, ƙwal, ƙwal, ƙwal! Nas suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna tambayar lafiya. Ta ce, "Babu lafiya. Ga mace ta haihu, jini ya ɓalle. Na fara ƙirga." Sai kowa ta tsaya tana kallon 'yar uwarta. Wata ta tafi neman makullin kabad, wata ta tafi neman wadda ta tafi neman makulli. Da suka dawo Sista ta ɗaga agogo ta ce, "Minti goma sha tara. Allah ya jiƙan Dije, mace ce mai haƙuri."

Wannan shi ne farkon abin da ta kira atisaye. Kowa da aikinta: ɗaya ta murza mara, ɗaya ta ɗaura ruwa, ɗaya ta zuƙo allura, ɗaya ta ruga kiran likita. A yi, a sake, a kuma sakewa. In suka ce ai sun karanta duk wannan a makaranta, sai ta ce, "Abin da kai ya sani, tsoro yana korarsa. Abin da hannu ya sani, yana nan." Makullin kabad kuwa, ranar ta kira kafinta ya cire ƙofar gaba ɗaya. Da aka ce hakan bai dace ba, ta ce duk wanda yake son ƙofar ya zo ya ɗauka, tana bayan banɗaki.

To, mai ciki tana son ɗa. Malam tela ne a bakin kasuwa, sai ta je ta same shi. Ya dawo gida yana riƙe da baki, ya ce shekara talatin yana ɗinki, an kawo masa riga, an kawo masa wando, ba a taɓa cewa ya ɗinka mutum ba. Ta hana shi yanka sabon yadi, ta ce ƙyallayen da ke ƙarƙashin keke sun isa. Jaririn ya fito da fuska ta kaki, ciki na atamfa, ƙafa ɗaya shuɗiya ɗaya ja. Aka cika shi da yashi. Ta ɗora shi a ma'aunin jarirai ta ce, "Bakwaini ne, Malam, ƙara yashi." Ya ƙara. Ta sake aunawa ta ce, "Haba Malam, so kake sai an yi wa matarka tiyata? Rage." Sau huɗu yana kwance ɗinkin nan. Ta maƙala masa tsohuwar robar ƙarin ruwa ta zama cibiya, aka sa masa suna Balarabe don ranar Laraba na fara haifarsa. Na haifi Balarabe ta kai, na haife shi ta ƙafa, na haife shi ba ya numfashi har sai an goge shi an murza bayansa. Babu ɗan da ya wahalar da uwarsa kamarsa.

Jini kuwa zoɓo ne. A gida take dafowa a galan. Sai ta kwarara a tsohon zane ta ɗaga ta ce, "Kofi nawa?" A ce ɗaya. Ta ce uku ne, kuma haka ake yi wa mace rowar kulawa, ido yana raina jini. Wata rana da zafin bazara ta ɗaga galan ta ji ba nauyi. Ta bi bakin kowa da kallo, sai ga leɓen Rabi ja wur.

"Rabi, kin shanye jinin Dije."

"Sista, ɗan kurɓa na yi."

"Har da sukari kika sa, ina jin ƙamshin citta."

Rubuta, Rabi, kada ki tsallake. Daga ranar gishiri take zubawa a ciki, cokali uku.

Ni kuma da farko na ji daɗin wasan. In aka buga garma sai in dage, "Wayyo Allah! Wayyo Inna! Ku taimake ni!" har masu jinya a ɗakin maza suna leƙowa. Sista ta bar ni na yi kwana biyu, sannan ta zauna a bakin gadon.

"Dije, wa kike kwaikwayo? Matan da ake kawo mana daga ƙauye da ruga, kin taɓa jin sun yi haka? Mai haihuwar fari ko nishi kunya ba ta barin ta. Mai ihu tana da ƙarfin ihu. Wadda ta juya fuska bango ta yi shiru, ka tambaye ta ta ce lafiya, ita nake tsoro."

Daga nan ta canza wasan. Ta daina jiran Laraba. Sai ta kwantar da ni a gadon ƙarshe ba tare da kowa ya sani ba, ta sa mini ledar zoɓo mai ɗan huji a ƙarƙashin zane, in juya bango in yi shiru, ita kuma ta zauna a tebur tana duban agogo, ta ga yaushe wata za ta zo ta ɗaga zanen. Ranar farko har barci na yi. Na farka na ji muryarta: "An yi wa Dije wanka, an yi mata sutura, an kai ta, ana rabon gumba, ku kuna nan kuna hirar ɗinkin Salla!"

Abin da ya fitar da sunana gari shi ne ranar jijjiga, ciwon nan da ke kama mai ciki ta riƙa fizge-fizge idanu su kafe. Na iya shi sosai, ba yabon kai ba. An kawo mana sabon likita ɗan bautar ƙasa daga Kudu, kwana uku da zuwansa, babu wanda ya gaya masa halin ɗakinmu. Ya shigo ya ga mace da ciki tana jijjiga, ya yar da takardun hannunsa, ya juya ni gefen hagu, ya zuƙo allura ta gaske. Na buɗe ido ɗaya na ga tsininta. Na dubi Sista, ita kuwa agogo take kallo.

"Sista!"

"Yi shiru, mai jijjiga ba ta magana."

Wallahi ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na dira daga gado, matashi ya faɗi, Balarabe ya biyo shi, na fita baranda da zane jage-jage da zoɓon jiya, ban tsaya ba sai inuwar bishiyar maina inda 'yan jinya ke zaune. Ga wata nas a bayana ta riƙo Balarabe ta ƙafa ɗaya. Mata suka ɗauki salati, wani tsoho ya zubar da furarsa. Da na dawo ina haki, na tarar Sista tana gaya wa likita minti ɗaya da rabi ya yi, uwarsa ta haifi ɗa. Na ce, "Sista, da ya soka mini fa?" Ta ce, "Da na riƙe hannunsa." Na ce yaushe? Ta ce, "In ya kusa."

Kafin la'asar labari ya isa kasuwa. Duk wanda ya wuce rumfar Malam sai ya ce, "Barka da arziki, yaushe ne suna?" Telolin da ke kusa da shi suka ɗinka ɗan rago na tsumma, har da ƙaho, suka aiko masa. Ya yi dariya tare da su, don shi ba mai fushi ba ne. Amma abin bai tsaya ba, wata ya bi wata. 'Yan uwansa na Sakwa suka aiko suna tambaya, wai gaskiya ne matarsa tana kwanciya a gaban mutane tana wasan haihuwa? Ranar ya ci tuwo kaɗan ya ture kwano, ya ce, "Dije, furfura fa ta fito mana." Bai ƙara ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Su ma nas sun gaji, kuma ba zan ga laifinsu duka ba. Su kaɗan ne, mata da yawa, ga garma tana tashi a tsakiyar cin abinci, ko mace ta ɗauki jaka za ta tafi gida wurin 'ya'yanta. Sai suka rubuta takarda zuwa ga manya, cewa atisayen ya yi yawa, yana firgita marasa lafiya, a hana. Rabi ta same ni a wurin wanki.

"Iya, ke aka fi wahalarwa. Ki sa hannu."

"Sista za ta gani?"

"Ba za mu rubuta sunanki ba. Dangwalawa kawai za ki yi."

Na dubi babban yatsana na ce, yatsa dai ba shi da suna, kowa yana da irinsa. Na tuna kwanon tuwon Malam. Na dangwala. Wannan shi ne laifin.

Bayan sati uku amsa ta zo. A dakatar da atisaye, kuma ana maganar a mayar da Sista wani ƙaramin asibiti can nesa. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta sa a aljihu. Da hannunta ta sauke garma, ta haɗa da Balarabe ta tura ƙasan kabad. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Washegari ta ce, "Dije, ina kwana, ya Malam?" ta miƙo mini man shafawa don gwiwata. Da ta san yadda man nan ya ƙone ni!

Wata huɗu ɗakin ya yi tsit. Ranar da aka kira Sista Bauci ta je ta amsa tambayoyi a kan takardarmu, ranar aka kawo wata Bafulatana daga wata ruga bayan Gadau, a bayan a-kori-kura. Da hantsi ta haifi 'yarta mace lafiya lau, aka gyara ta, aka kwantar da ita. Wajen azahar nas suka zauna cin abinci, ni ina shara. Na zo gadonta na ce sannu, ya jiki? Ta amsa da Fillanci cewa lafiya, ba ta juyo ba. Na wuce da tsintsiya, sai ƙafata ta ƙi tafiya. Kwanciyar nan na san ta. Sau nawa na yi ta da kaina, fuska a bango, gwiwa a naɗe? Na koma na leƙa fuskarta, leɓe kamar toka, gumi a goshi. Na ɗaga zane.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Katifa ta sha har ta ƙoshi.

Babu garma a taga. Na tuɓe takalmina na rafka wa bokitin ƙarfe, na yi ta bugu kamar mahaukaciya. Rabi ta shigo da loma a baki tana cewa, "Haba Iya, ba an hana..." Ba ta ƙarasa ba. Abin da na gani bayan nan, har in mutu ba zan manta ba. Babu wadda ta tambayi wata. Hannun Rabi yana kan mara tana murzawa, wata ta riga ta samu jijiya ta ɗaura ruwa, wata ta zuƙo allura, ta huɗu ta bar takalmanta a ƙofa ta yi wurin likita. Ni aka miƙa mini jaririya, na rungume ta ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kafin likita ya iso jinin ya fara tsayawa. Da la'asar matar ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Rabi ta zame ta zauna a ƙasa, ta ce, "Iya, wallahi ban san lokacin da na yi ba."

Washegari Sista ta dawo da ƙurar hanya a gyalenta. Ta tarar garma ta koma taga, ta tarar da wata sabuwar takarda da nas suka rubuta wa manya suna janye ta farko. Suka kewaye ta suna ba ta labari, kowa tana katse 'yar uwarta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Minti nawa?"

Suka kalli juna.

"Ba wanda ya duba? To ni ban gani ba. Gobe a sake."

Ta je ta tsaya gaban taga tana faɗan wai wa ya rataye garma a karkace. Ta daɗe tana gyarawa, ta ba mu baya. Da ta juyo idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin kicin ne. Kicin kuwa yana can ƙarshen asibiti.

Ba a mayar da ita ko'ina ba. Nas suka bi ta ɗaya bayan ɗaya suka ba ta haƙuri, tunda sunayensu na jikin takarda. Ni na yi gum. Na ce nawa ba suna, Allah ya rufa asiri. Na koma gadona na ci gaba da haihuwar Balarabe, har cikin garin Katagum aka kai mu a mota mu nuna wa nas ɗin can. Malam da ya ji labarin Bafulatanar, da kansa ya karɓi Balarabe ya sake masa ɗinkin wuya, ya ajiye ragon tsumman nan a kan kekensa, duk mai tsokana ya nuna masa.

Da Malam ya rasu, kullum Sista ta tashi aiki sai ta biyo ta gidana, har na fita takaba. Ba ta iya ta'aziyya mai tsawo ba. Zama kawai take yi a tabarma, agogo yana ƙas, ƙas, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Sau da yawa maganar ta zo mini maƙogwaro. In na buɗe baki sai in ce ko za ta sha kunu.

Bana ciwon sukari ya kwantar da ita a ɗakin mata, shekara biyu bayan ta ajiye aiki. Ko a nan ba ta bar hali ba. Sai ta juya bango ta yi lamo, in nas ta zo a tsorace ta taɓa ta, ta buɗe ido ta ce, "Minti bakwai. Kun lalace." Wata Juma'a bayan la'asar na je na tarar ba kowa, ta rame har na ga ƙashin wuyanta. Na san in ban faɗa ranar ba, sai a gaban Allah.

"Sista, ina da laifi a wurinki."

"Kofin awo? Na san ke kika fasa."

"Ba shi ba. Takardar nan da aka kai ƙararki. Da ni a ciki. Na dangwala."

Ina kuka ina jiran ta juya mini baya. Sai na ji gado yana girgiza. Dariya take yi, har tari ya sarƙe ta na ba ta ruwa.

"Dije! Takarda mai suna tara da dangwale ɗaya. Mutum nawa ne a ɗakin haihuwa ba su iya rubutu ba? Daga ke sai Balarabe. Shi kuma Malam bai ɗinka masa yatsu ba."

"Kin sani?"

"Tun ranar da aka nuna mini ita."

"Shi ne ba ki ce komai ba?"

"Ina jira in ga yaushe za ki zo. Shekara goma sha biyu, Dije. Ban taɓa ganin makara irin taki ba."

Ga Rabi nan ta ajiye alƙalami tana rantsuwa, wai ita ma ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Ɗauki ki rubuta, 'yar nan, saura kaɗan.

Sista ta lalubo hannuna ta riƙe babban yatsan nan. Ta ce, "Na yafe tun tawadar ba ta bushe ba. Ke ma ki yafe mini. Na kwantar da ke a gado da furfurarki, aka yi wa mijinki dariya a kasuwa, ban taɓa tambayarki ko kin yarda ba." Na ce na yafe, Sista, duniya da lahira. Ta ce, "To share hancinki, kina ɗiga mini a zanen gado."

Kwana huɗu bayan nan Allah ya karɓi abarsa.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa Kulu ta zo maka. Kai ka san matan da suka koma rugagensu da ƙauyukansu da goyo a baya saboda taurin kanta, mu ba mu san adadinsu ba. Ka yalwata mata kabari, ka sanyaya shi, ka yafe mata kamar yadda ta yafe mini ban roƙa ba. Ka jiƙan Malam, ka haɗa su a gidan da babu ciwo. In tawa ta zo, ka sa in cika da imani, ka kai ni inda suke. Amin.